'Yan Agajinmu da Mintunan Farko na Bala'i

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

A daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, wayewar garin Talata 10 ga Satumban 2024, mutanen Maiduguri da dama suna cikin barci. Kafin hantsi ruwa ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai fadar Shehun Borno, ya kutsa har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wato wurin da ya kamata a kai waɗanda suka jikkata shi ma yana neman mai cetonsa. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Sojoji sun fito da manyan motoci, jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA sun zo, Allah ya saka musu da alheri. Amma ku tambayi duk wanda ya kwana a waɗannan unguwanni wa ya fara buga masa ƙofa, wa ya goyo tsohuwa daga ɗaki ruwa na iya ƙirji, wa ya miƙa jariri ta saman katanga. Maƙwabci ne, ko ɗan unguwa, ko mai kwale-kwale.

Haka aka yi a Mokwa ta jihar Neja da asubahin 29 ga Mayun 2025, inda cikin 'yan kwanaki aka ƙirga gawa sama da 150, ruwan kuma ya ci hanyoyi da gadoji. Idan hanya ta yanke, duk kyawun niyyar hukuma sai ta jira. Wanda ke kusa shi ne likita, shi ne ɗan kwana-kwana, ko ya iya ko bai iya ba.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Mutanenmu ba su da ƙarancin zuciya. Ihu ɗaya za a yi, ka ga an fito da gudu ko takalmi babu. Ƙarancinmu na sani ne, kuma a irin wannan wuri taimakon da babu sani a cikinsa yakan ƙarasa wanda bala'in ya bari da rai.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata rana da la'asar, a wata mahaɗar hanya a bayan gari, mota ta kaɗe wani ɗan acaɓa. Kafin in fito daga tawa motar mutane sun yi masa zobe. Wani ya tallabo kansa yana jijjiga shi, wani ya fasa ledar ruwa yana ɗura masa a baki alhali yaron bai san inda kansa yake ba, biyu sun kama hannuwansa za su ja shi zuwa wata a-kori-kura. Wasu kuma, Allah ya shirye mu, sun ɗaga waya suna ɗauka. Jini kuwa na ta tsartuwa daga cinyarsa, ba wanda ya kula. Sai ga wani matashi cikin kakin 'yan agaji, da alama daga wurin wa'azi yake, ya durƙusa ya ce wa dattijon da ke ɗura ruwan: "Baba, don girman Allah a dakata, zai shaƙe." Ya karɓi rawanin wani, ya ninke, ya danne ciwon da dukkan nauyinsa. Ya sa mutum ɗaya ya riƙe kan yaron da hannu biyu kada ya motsa. Ya aika aka aro bencin mai shayi, aka ɗora shi a miƙe, mutum huɗu suka ɗauka. Hannunsa bai bar kan ciwon nan ba har motar ta tashi da su. Daga baya na sake haɗuwa da shi na ce, "Malam, ina ka koyi wannan?" Ya ce horon kwana uku ne aka ba su kafin aikin sansanin alhazai.

Kwana uku, jama'a. Shi ne duk bambancin da ke tsakaninsa da mu da muka tsaya muna salati.

Kuma abubuwan da ake koyarwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Mai zubar da jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai ba tare da an cire na farko ba. Ba a zuba ƙasa, ba a barbaɗa toka ko garin magani. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ko harshensa ya toshe masa maƙogwaro, kuma ba a ba shi ruwa, ba madara, ba fura. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya, ba a naɗe shi a cusa a bayan a-daidaita-sahu. Sau da yawa a wannan ɗaukar ce mutum ke rasa ƙafafunsa har abada.

Ƙuna kuwa, a nan al'ada ta fi yi mana illa. Yaro ya faɗa tukunyar koko, uwa ta rikice, wannan ta ce a fasa ƙwai, waccan ta ce manja, wata ta kawo man goge baki. Duk ba su ba ne. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara wa wurin na tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓanɓare rigar da ta manne, kada a fasa bororon, a rufe da abu mai tsabta a tafi asibiti. Ruwan randa ma ya isa. Abin da ke cikin kowane gida ne, amma sai a bar shi a tafi neman ƙwai a maƙwabta.

Sai nutsewa, wadda ke cin yaranmu a kududdufi da rafi duk damina. Mun saba ganin an tsamo yaro an riƙe ƙafafunsa an juya shi kai ƙasa, ko ana matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Lokaci kawai ake ɓatawa, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan iska ba ta isa gare ta ba. In ba ya numfashi, iska yake buƙata: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Wannan kam ba a koyonsa ta rediyo. Sai an durƙusa an gwada da hannu a gaban mai koyarwa, shi ya sa nake maganar horo. Haka kuma wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa don ceto, gawa biyu za a tsamo. A miƙa gora, a jefa igiya, a wurga jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta.

To wa za a koya wa? Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya an buga mata tambari ba. Muna da rundunar da ƙasashe da yawa za su yi sha'awa. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, na Izala, na Fityanul Islam, da 'yan sa-kai na Red Cross, wadda doka ta kafa a Najeriya tun 1960. Babu ƙaramar hukumar da za ka je a Arewa ka rasa mai kakin agaji. Suna da shugabanci, suna da fareti, suna jin umarni, jama'a kuma na ganin girmansu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, aikin da muka fi ba su shi ne gyara sahu ranar Idi, tsare ƙofar masallaci lokacin tafsiri, da nuna wa manya inda za su ajiye mota. Aiki ne mai lada, ban raina shi ba. Sai dai sunansu 'yan agaji. Akwai rassan da suka yi nisa wajen horo, na yaba musu. Akwai kuma inda za ka samu matashi ya shekara biyar da kaki bai taɓa riƙe bandeji ba, jakar agajin reshen kuma babu komai a ciki sai tsohuwar auduga. Ba laifinsa ba ne. Laifin namu ne da muke tara kuɗin lasifika da janareta cikin Juma'a ɗaya, amma safar hannu da bandeji da tocila da usur sun gagare mu.

Ga wani giɓi da ba a cika magana a kai ba: mata. Yawancin haɗurran gida, ƙuna, shaƙewar yaro da gyaɗa, faɗawa rijiya, suna faruwa ne da rana, maza na kasuwa ko gona. In ambaliya ta zo kuma, akwai gidajen da namiji baƙo zai yi turus a zaure. Makarantun Islamiyya na matan aure cike suke da ɗalibai kowace yamma. Me zai hana a ware mako guda a shekara, ma'aikaciyar jinya ta zo ta nuna musu waɗannan abubuwa, har da haɗa ruwan gishiri da sukari, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta? Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa, wannan haɗin kuma shi ke riƙe yaro har a kai shi asibiti.

Wani agajin ma ba na bandeji ba ne, na tare mutane ne. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Na san talauci ne ke tura mutane, ba zan tsaya a nan ina zagin mamata ba, Allah ya jiƙansu. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yana gangarawa cikin lambatu, tartsatsi ɗaya daga babur ko janareta ko taba ya ishe shi. Da a kowane garin bakin titi akwai 'yan agaji goma da suka san wannan, waɗanda za su ja igiya tun da nisa, ladan kuma ya hau lasifika ya ce kowa ya ja baya, da an rage zawarawa da marayu.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani. Amma wanda ya koya mana tawakkali, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Hausawa kuma suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara hukumar NiMet da ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomi. Sau da yawa labarin a jarida yake tsayawa, bai isa zauren mai unguwa ba. Ya kamata kafin ruwan farko mai unguwa ya zauna da liman da shugaban 'yan agaji da sarkin ruwa inda akwai shi, a amsa tambayoyi ƙanana: in ruwa ya taso da dare, ina tudun da za a nufa, makarantar firamare ko filin Idi? Ta wace hanya? Wane gida ne ke da tsoho ko gurgu ko mai jego da ba za su iya fita da kansu ba, kuma wa aka ɗora wa ɗauko su? Wa ke da mota, wa ke da kwale-kwale? A yi gayyar yashe magudanan ruwa. Takardun gida da na makaranta a ƙulle su a leda a rataye sama.

Akwai kuma tsoron da ke sa mutane su ga mai rauni su wuce: kada a kai shi asibiti a riƙe ka, ko a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga kuma ta ce a yi musu magani ko babu takardar 'yan sanda, ta ce kada a tsangwami wanda ya kawo su. Ya kamata kowane ɗan agaji ya san wannan, ya iya faɗarsa cikin ladabi a bakin ƙofar asibiti.

Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122, masu saurarenmu a Jamhuriyar Nijar kuma 'yan kwana-kwana suna kan lamba 18. A haɗa da lambar ma'aikacin asibitin da ya fi kusa da ta direban da zai tashi ko ƙarfe biyun dare, a rubuta su da manyan baƙi a bangon masallaci. Ranar Juma'a mai zuwa kuma, bayan an sallame, wani dattijo ya ja shugaban 'yan agajin masallacinsu gefe ya tambaye shi yaransa nawa ne suka taɓa samun horo, ya kuma ce a buɗe masa jakar agajin ya ga abin da ke ciki.