Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan tafki na iya sanyaya birni, ya kuma ɗumama shi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Yau wasiƙu uku ne suka faɗo a kan magana guda, sai muka haɗa su.

Ta farko daga wani mai sauraro ce da ya ji labarin biranen da ke sanyaya manyan gine-gine da ruwan tafki. Yana tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa zuƙi-ta-malle.

Gaskiya ne, Malam, kuma sirrin yana cikin halin ruwa kansa. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. A ƙasashen da ake hunturu mai tsanani, ruwan saman tafki kan yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse ƙasa ya kwanta. Idan lokacin zafi ya zo, rana saman kawai take dafawa, na can ƙasa yana nan da sanyinsa. Wato tafkin ya ajiye sanyin hunturu, birni kuma ya zo yana ɗiba.

Birnin Toronto na Kanada ya fara haka a 2004. An shimfiɗa manyan bututu uku, suka shiga tafkin Ontariyo kimanin kilomita 5, suna zuƙo ruwa daga zurfin mita 83. Ruwan tafkin ba ya shiga gine-ginen. Akwai tashar da yake gogayya da wani ruwan daban, faranti na ƙarfe ne kawai tsakaninsu, sai ya ba shi sanyinsa. Wancan ruwan ne ke zagaya asibitoci da ofisoshi da otal-otal, gine-gine sama da 100. Abin da ya fi burge ni shi ne, shi ruwan tafkin daga nan sai ya wuce cikin ruwan famfon da mutanen gari ke sha. Ɗiba ɗaya, aiki biyu.

Wasiƙa ta biyu ta wata baiwar Allah ce. Ta ce ta yarda da batun sanyaya, amma yaya ruwa mai sanyi zai ɗumama gida?

To Malama, ki taɓa bayan firiji yana aiki, za ki ji ɗumi. Zafin abincin da ke ciki ne na'urar ta kwaso ta fitar. Irin wannan na'ura, mai girman gaske, ita ake kira famfon zafi. Cikinta akwai sinadarin da ke tafasa ko a cikin sanyi. Ruwan tafki ya wuce ta kusa da shi, ya tafasa ya zama iska, inji ya matse iskar, matsin ya sa ta yi zafi sosai, ta dafa ruwan da za a tura gidaje. Duk ma'auni ɗaya na lantarki da aka ba ta, takan fitar da zafi ninki uku zuwa huɗu.

Dabarar ma ta kwana biyu. Tun 1938 aka ɗumama zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan da ruwan kogin Limmat. A birnin Jeniba kuwa, daga 2009 ruwan tafki ke sanyaya gine-ginen unguwar da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke. Babban aikin da ya biyo baya, GeniLac, yana ɗibar ruwa daga zurfin mita 45, inda yake kusan digiri 7 duk shekara, yana sanyaya gine-gine a lokacin zafi, yana ɗumama su a lokacin hunturu.

Mai wasiƙa ta uku ya ce: in abin ya kai haka, me ya hana kowane birni yi?

Na farko dai, ba kowane tafki ba ne. Inda babu hunturu mai tsanani, babu sanyin da za a ajiye. Tafkin Tanganyika da ke Gabashin Afirka ya haura mita 1,400 a zurfi, amma ruwan ƙasansa bai sauka ƙasa da digiri 23 ba. Sai kuɗi: haƙa tituna da binne bututu na cin dukiya mai yawa kafin a ga riba, don haka sai inda gine-gine suka yi cunkoso kusa da ruwa. Kuma famfon zafi lantarki yake ci. In da kwal aka samar da lantarkin, an rage hayaƙi ne, ba a kashe shi ba.

Shi ma tafkin yana da haƙƙi, kuma wannan ne na fi son a riƙa tambaya a kai. Lokacin da Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara ɗibar ruwan tafkin Kayuga a 2000, an yi ta muhawara, domin ruwan da aka ɗebo daga zurfi ana mayar da shi ne a wuri marar zurfi, kuma yana ɗauke da sinadarin fosfaros mai haɓaka gansakuka. A tafkin Jeniba kuma, wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ake kira kwaga sun bazu, suna manne wa bututu suna toshe su, dole sai ana bi ana kankarewa.

A nan lokaci ya cim mana. Sai mun ji daga gare ku a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.