Rana ta fito a Turai, amma tafki bai ji labari ba

Duk shekara, da watan Afrilu ya kama, sai intanet ta cika da bidiyon 'yan tirayatlon suna tsunduma cikin tafki, su fito suna haki kamar an biyo su. Mutane sai tambaya suke yi: wanda ya kwashe hunturu yana atisaye, me ya kayar da shi a mita 50?

Tirayatlon wasa uku ne a jere. A tazarar Olamfik, ninkaya kilomita 1.5 ce, keke kilomita 40, gudu kilomita 10.

Keke da gudu ba su da wani ruɗani. Ka sauke keken daga injin da ake ɗora shi a kai don atisaye a ɗaki, ka duba birki da taya, ka wanke sarƙa, don gishirin da ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe. Gudu kuwa, ƙara nisa da kashi 10 cikin 100 a mako ya isa. Sau ɗaya a mako, da ka sauka daga keke ka yi gudun minti 15. Shi ke nan.

To, mu dawo ruwa. Ku dubi ma'aunin nan biyu. Iska digiri 18, tafki digiri 10. Ruwa yana da nauyin jiki wajen ɗumama, sai ya yi makonni yana bin iska a baya. Wurin ninkayar da aka saba da shi a rufe kuwa, kusan digiri 27 ne.

Abin da ke faruwa shi ne, da ruwan da bai kai digiri 15 ba ya taɓa fata, jiki yakan zuƙi numfashi da ƙarfi ba da izininka ba, zuciya ta hau bugu. Idan fuskarka tana cikin ruwa a lokacin, ruwa ka zuƙa. Ƙarfin huhu ba ya hana wannan. Yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma waɗannan mintocin ne mutane ke tsallakewa.

Saboda haka kada ka yi tsalle. Taka a hankali har zuwa ƙugu. Jiƙa fuska da ƙeya. Ja wuyan rigar roba ta ninkaya mai tsare sanyi, ruwa kaɗan ya shiga ya ɗumama a jikinka. Tsaya nan, inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, har sai ka iya yin magana ba sarƙewa. Sannan ka sa fuska a ruwa, ka hura iska a hankali. Ranar farko minti 5 zuwa 10 ya wadatar. Shiga biyar ko shida irin wannan, firgicin yakan ragu kusan rabi.

A ganina, atisaye mai zafi ya zauna a rufaffen wuri har Mayu. Kafin nan, tafki wurin sabo ne, da koyon ɗaga ido don duba hanya duk bayan jan hannu takwas, tunda babu baƙin layin da ake bi a ƙasan rufaffen wurin ninkaya.

Don Allah kada kowa ya shiga shi kaɗai. Hula biyu a ka, balan-balan mai haske ɗaure a ƙugu don a hango ka. Da ka fito, cire rigar nan take, sa busassun kaya, sha shayi, domin sanyi yana ci gaba da shiga jiki har bayan minti 20. Kada ka kama sitiyari sai karkarwa ta tsaya.