Sharhi: Idan an kai ƙarar ma'aikaciyar jinya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Tun 1901 ƙasar New Zealand ta yi dokar rajistar ma'aikatan jinya, Birtaniya ta yi tata a 1919. Hikimar ita ce, hukumar da ta ba ka lasisi tana da ikon karɓe shi. Yau a ƙasashe da dama, idan aka shigar da ƙorafi a kan nas, hukumar kan bincika, ta kira ta ta kare kanta. Daga nan ko a wanke ta, ko a yi mata gargaɗi, ko a gindaya mata sharuɗɗan aiki, ko a dakatar da ita, ko a soke lasisin.

Nas ɗin da ta saci maganin majinyaci, ko ta ci zarafin tsohon da ba ya iya tashi, ko ta rubuta ƙarya a takardar jinya, ba na nema mata sassauci. Ta ci amana.

Damuwata tana kan mai kuskure. A Disamban 2017, a wani asibiti a jihar Tennessee ta Amurka, wata nas mai suna RaDonda Vaught ta ɗauko maganin da ke shanye tsokar jiki har numfashi ya tsaya, a maimakon na kwantar da hankali, ta yi wa wata dattijuwa mai shekara 75 allurarsa. Matar ta rasu. Nas ɗin ba ta ɓoye ba, da bakinta ta faɗi abin da ta yi. A 2021 aka soke lasisinta, a 2022 kotu ta same ta da laifin sakacin da ya jawo mutuwa.

Rai ya salwanta, kuma akwai sakaci, wannan ba a musu. Sai dai ma'aikatan jinya da yawa sun ce hukuncin ya tsorata su, kuma na fahimce su. Wadda ta ga abin da gaskiya ta jawo wa 'yar'uwarta, gobe in hannunta ya kuskure, anya za ta buɗe baki? Kuskuren da aka binne kuwa shi ke sake kisa.

Shi ya sa nake roƙon masu zaman hukunci, kafin su taɓa lasisi su tambaya: majinyata nawa aka bar mata a daren? Awa nawa ta yi a tsaye? Wa ya tsara ma'ajiyar magungunan? In asibitin ma da laifinsa, a kira shugabanninsa su zauna a kujerar da ta zauna, su amsa.