Baƙin gyambon funfuna: me ya sa likita ke yanke naman?

Irin hotunan nan da ke yawo a WhatsApp, yaro da baƙin gyambo a hannu, wasu su ce cutar noma ce mai cin fuska, wasu su ce likitoci sun ɓata yaro da wuƙa. To, a tsaya.

Noma mun san ta a Damagaram, ga cibiyar Sentinelles mai kula da masu cutar nan cikin gari. Ita daga dasashi take farawa, galibi ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa. Cutar baƙin gyambon nan kuwa sunanta mukomaikosis, funfuna ce, dangin wadda ke fitowa kan burodin da ya kwana biyu. Ita ce ta addabi Indiya a 2021 lokacin korona. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba kasafai ake ganinta ba. Takan shiga ta ƙuna, ta rauni, ko ƙarƙashin filasta, ga bakwaini, mai tamowa, mai ciwon suga ko sankarar jini.

 Zaren funfunar yana huda jijiyar jini, jini ya daskare, hanya ta toshe. Naman da ke gaba ya mutu, ya yi baƙi. Baƙin nan mataccen nama ne. Magani kuma cikin jini yake tafiya. Kamar lambu ne a Mirriya da aka datse wa magudana, ko tafki za ka juye, kwamin ƙarshe ba zai jiƙe ba. Shi ya sa ake fiɗa, a kankare har sai an tarar da nama mai zubar da jini. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sake dubawa, sau da yawa a sake yanka. Iyaye, komawa ɗakin fiɗa karo na biyu ba alamar kuskure ba ce.

Maganin amfoterisin B ne, ta ƙarin ruwa, kullum, na makonni, ana auna ƙoda da sinadarin potasiyam don yana taɓa su. Man makero da ƙwayar flukonazol ta ɗan tebur? Asarar kuɗi kawai.

Gyambo ja ne ya koma shuɗi-shuɗi, sannan baƙi, yana faɗaɗa duk da maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibiyotik)? Ku zagaye bakinsa da biro. In ya ƙetare layin kafin gari ya waye, kar a shafa toka, kar a kira wanzami, a nufi babban asibitin Zinder.