Abin da juna biyu ke yi wa glandar fituwitari

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. A ƙasan ƙwaƙwalwa, cikin wani ɗan gurbi na ƙashi, akwai glanda, wato gaɓa mai samar da sinadarai a jiki, da ake kira fituwitari, wadda nauyinta bai wuce kimanin rabin giram ba, amma ita ce ke ba glandar tairod da ke wuya da ta adirinal da ke saman ƙoda da ƙwayayen haihuwa umarnin aiki.

Da zarar ciki ya shiga, sinadarin istirojin yakan yi yawa, sai ƙwayoyin da ke samar da furolaktin, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono, su ƙaru kuma su yi ƙiba. Kafin haihuwa furolaktin yakan ninka kusan sau 10, ita kuma glandar takan kai ninki biyu na girmanta. Takan kai ƙarshen girma a kwanakin farko bayan haihuwa, sannan ta riƙa komawa yadda take cikin kimanin wata 6. Wannan duka lafiya ce. Sai dai macen da ta ɗauki ciki tana da babban ƙari a glandar, dole a sa mata ido, domin jijiyoyin gani a samanta suka gitta, kuma idan ƙarin ya danne su za ta ji ciwon kai, gefe-gefen ganinta kuma ya dushe.

Inda nake so ku ba ni hankalinku shi ne nan. Glandar ta ƙara girma, buƙatarta ta jini ta ƙaru, alhali sashenta na gaba yana shan jini ne ta ƙananan jijiyoyi marasa ƙarfin tunkuɗa. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ƙarfin tunkuɗar jininta ya faɗi ƙasa, sashen nan yana iya mutuwa. Likitan Ingila Harold Sheehan ne ya fayyace wannan a 1937, shi ya sa cutar take ɗauke da sunansa.

Ku dubi yadda take bayyana. Mai jego ta sa jariri a nono, yana ta tsotso yana kuka, ruwa bai zo ba. Watanni suka shuɗe al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, tana jin sanyi lokacin da kowa ke gumi, in ta miƙe tsaye jiri ya ɗebe ta. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa akan ce gajiyar raino ce, har a yi shekaru ba a gano ba, alhali gwajin jini yana nuna ta, kuma ana maye sinadaran da suka ɓace da magani. Akan fara da kotisol, wato sinadarin glandar adirinal, kafin na tairod, domin juya tsarin yana da haɗari ƙwarai.

Saboda haka ina roƙon ungozomomi da likitocin da ke nan, duk matar da ta yi zubar jini mai tsanani kuma nono ya ƙi zuwa, ku tura ta a auna mata sinadaran glandar nan, kada ku jira sai ta faɗi.