Ya San Abin Yi, Farawar Ce Ta Gagara

Ku dubi yaron nan. Awa biyu ke nan yana zaune gaban littafi, biro a hannu. Ya san amsar, in kun tambaye shi da baki zai faɗa muku, amma takardar nan fara fat. A gida an ce ƙyuya ce, a makaranta an ce taurin kai. Shi kuwa so yake ya fara.

A bayan goshinmu akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke aikin madugu. Shi ke tsara abin da za a fara da wanda zai biyo baya, shi ke riƙe saƙo a ka har a isar da shi, ya taka wa mutum birki, ya sauya dabara in ta farko ta ƙi. Yana kuma cikin na ƙarshe wajen kammala girma, sai mutum ya kai wajen shekara 25.

A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani ƙarfe ya huda kan Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo, ya fita ta sama. Ya rayu, yana magana, yana tafiya. Amma likitan da ya kula da shi ya rubuta cewa ya koma mai ƙulla shiri ya watsar tun bai fara ba.

Rauni a ka ɗaya ne kawai daga hanyoyin da madugun nan ke samun matsala. Mai larurar ADHD, wato wahalar tattara hankali da zama wuri guda, da ita yake tasowa, kuma tana da nasaba da yadda sinadarin dofamin ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Ga mai otizim, larurar da ke shafar mu'amala da mutane, sau da yawa barin wani aiki a koma wani shi ne dutsen da ke gabansa. Ana ganin matsalar a cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, da bayan shanyewar ɓarin jiki, da wasu nau'o'in cutar mantuwa.

Ga abin da ya fi taɓa ni. A 1991, masu bincike Tim Shallice da Paul Burgess sun gwada mutum uku da suka ji rauni a gaban ƙwaƙwalwa. A gwajin basira na cikin ofis sun yi zarra. Da aka tura su titi da 'yan aike-aike masu sauƙi da 'yan ƙa'idoji, sai komai ya dagule: wani aiken an manta, wata ƙa'idar an karya. Basirar tana nan daram, mai jan ragamarta ne ya samu matsala. Shi ya sa faɗa da gori ba sa komai sai ƙara wa mutum kunya, domin abin da ake nanata masa ya riga ya sani.

Abin da ke taimakawa shi ne a fito da madugun waje, inda ido zai gan shi. A rubuta matakai a manna a bango, a sa ƙararrawa a waya, makulli ya samu wurin ajiya guda. Maimakon "gyara ɗakinka", ku ce "kwashe takalman nan tukuna", in ya gama ku faɗi na gaba. Wani ma zamanku kusa da shi kawai ya isa ya fara. Masu ADHD da dama suna samun sauƙi da magani a hannun likita. In kuwa babba ne da aka sani da tsari ya rikice a 'yan kwanaki ko watanni, kada a tsaya jira, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa.