Saita SBC Don Wayar Intanet Ta Ofis

An ɗauko wannan rubutu daga faifan laccar da aka yi wa matasa masu sana'ar haɗa netwok. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na can baya, kuna ji na? To, madalla.

Mafi yawanku kun taɓa kafa PBX, wato na'urar da ke haɗa wayoyin cikin gida, a ofis, ko Asterisk ko 3CX ko wani makamancinsu, akawu ya kira manaja, manaja ya kira maigadi, komai lafiya lau. Rigima tana farawa ne ranar da mai kamfani ya ce a sayo layin SIP daga kamfanin sadarwa, a riƙa kiran waje. A nan ake bukatar SBC, wato Session Border Controller, na'urar da ke tsayawa tsakanin PBX da kamfanin sadarwa. Ku ɗauke shi kamar zaure a gidan Bahaushe: baƙo ya yi sallama, a zaure zai tsaya, a can za a same shi, bai san ɗaki nawa ne a ciki ba, bai san inda rumbu yake ba. SBC yana karɓar kiran da ya fito daga waje, ya ƙare shi a wurinsa, sannan ya buɗe wani sabon kira zuwa ciki. Kamfanin sadarwa da SBC kaɗai yake magana, PBX ma haka. Babu wanda ya ga wani.

Abu guda nake so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Kiran intanet hanya biyu yake bi, ba ɗaya ba. Akwai saƙonnin ƙulla kira, su ne SIP, wanda IETF, hukumar tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idarsa da ake aiki da ita yanzu a 2002. Suna bin ƙofa mai lamba 5060, ko 5061 in an kulle su da TLS, tsarin da ke ɓoye saƙo a hanya. Muryar kanta kuma RTP ne ke ɗauke da ita, ta UDP, ta wasu ƙofofin dabam. Asterisk dai daga 10000 zuwa 20000 yake zuwa da su. SIP ba ya ɗaukar ko tari. Aikinsa ya ce ga wane yana kira, ga wane ya ɗauka, an kashe. A cikin saƙon SIP ɗin akwai wani ɗan sashe, SDP, inda kowane ɓangare ke rubuta cewa a turo masa murya zuwa adireshi kaza, ƙofa kaza. Kusan duk ciwon kan wannan sana'a a wannan ɗan sashen yake.

Bari in nuna muku. Ku dubi allo. Wannan kira ne da na kama da Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke yawo a netwok, a wani ofis da suka yi ta ƙorafi: waya tana ƙara, ana ɗauka, kwastoma yana jin ma'aikaciya, ita ba ta jin komai, sai "halo, halo" take yi har ya gaji ya kashe. Ga INVITE, saƙon fara kira, ya fita, ga 180 ya dawo, wato tana ƙara. Ga 200, an ɗauka. Duk daidai. Yanzu ku karanta wannan layin da ya fara da c, a cikin SDP. Me aka rubuta? 192.168.1.20. To wannan adireshin cikin gida ne. Dubban ofisoshi suna da irinsa a wannan lokacin da muke magana, kuma intanet ba ta kai saƙo gare shi. Rawutar ofis ta sauya adireshin da ke bayan fakitin zuwa na waje, amma wanda ke rubuce a cikin cikin saƙon ba ta taɓa shi ba. Kamfanin sadarwa ya karanta, ya yi biyayya, ya riƙa tura murya inda babu kowa.

Saboda haka matakin farko wajen saita SBC shi ne ka raba masa fuska biyu, ta ciki da ta waje, kowace da adireshinta, kowace da jerin ƙofofin muryarta. In SBC ɗin yana riƙe da adireshin waje kai tsaye, ka huta. In yana bayan katangar tsaro ne, wato firewall, dole ka gaya masa adireshin wajen da bakinka, akwai gurbin da aka tanada don haka, domin ya rubuta shi a SDP da kuma layin Contact, inda ake rubuta adireshin da za a turo sauran saƙonnin kiran. Sannan ka buɗe ƙofofin murya a katangar, daidai da jerin da ka saka a SBC. Na sha ganin an saka 6000 zuwa 6999 a na'ura, an buɗe 10000 zuwa 20000 a katanga saboda abin da mutum ya haddace ke nan. Kuma ka tilasta muryar ta bi ta cikin SBC, kada ka bar wayar tebur ta nemi yin magana da waje kai tsaye.

Akwai ƙanwar wannan matsala: kira ya haɗu, ana hira, sai ya yanke a daƙiƙa 32 cif. Kowane kira. Duk wanda ya ce maka daƙiƙa talatin da wani abu, kada ka tsaya zargin sabis. A ƙa'idar SIP, wanda ya ɗauki kira yana aika 200, ya jira ACK, wato saƙon mai kira na cewa ya samu. In bai zo ba sai ya yi ta maimaitawa har tsawon rabin daƙiƙa sau 64, wato 32, sannan ya haƙura ya kashe. ACK ɗin ya ɓata ne a hanya, galibi don layin Contact yana ɗauke da adireshin cikin gida. In kuwa a minti 15 ko 30 yake yankewa, ka duba agogon sabunta kira, wanda aka saba sa shi a daƙiƙa 1800 kuma ake sabuntawa a rabinsa.

Ƙananan rawutoci da yawa suna zuwa da wani abu wai shi SIP ALG, a kunne. An yi shi ne don ya gyara wannan matsalar adireshi, amma sau da yawa gyaran gangar auzinawa yake yi. Ka gyara saƙo a SBC, shi kuma ya sake taɓa shi a hanya. Ku kashe shi, kada ku yi shawara da kowa.

Sai abin da ya fi damun mu nan. Ofisoshi da dama da rawutar 4G suke aiki, wasu kuma sun koma Starlink tun da ta shigo Najeriya a 2023. Irin waɗannan layukan yawanci ba sa ba ka adireshin waje naka na kanka. Kai da jama'a da yawa kuke raba guda. Ka duba adireshin da rawutarka ta samu: in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan NAT na kamfanin ne, wato tsarin raba adireshi guda ga mutane da yawa, kuma duk ƙofar da ka buɗe a taka rawutar aikin banza ne. Mafita uku ce. Ko ka biya a ba ka tsayayyen adireshi, ko ka nemi kamfanin sadarwa ya ja maka keɓaɓɓen layi, ko ka ɗora SBC a sabar haya a waje ka haɗa ta da ofis ta VPN, wato rufaffiyar hanya a cikin intanet. Ni na fi son keɓaɓɓen layi in kuɗin mai kamfani ya kai, domin ranar da abu ya lalace mutum ɗaya za ka kama.

Lambobi kuma. Ma'aikaci zai danna 0803 da sauransu, yadda ya saba. Wani kamfanin sadarwa yana son ta haka, wani yana son 234803, wani kuma sai da alamar tarawa a gaba, +234, bisa tsarin E.164. Ka tambaye su a rubuce, ka kafa doka a SBC: cire sifilin farko, sa +234. Kiran da ya shigo kuma ka juya dokar, in ba haka ba ma'aikaci zai ga lambar da ya kasa mayar wa kira. Kuna da reshe a Maraɗi ko Damagaram, ku tuna +227 ne kuma lambobinsu takwas ne, babu sifili a gaba. Ku gwada 112 ma, lambar gaggawa. Dokar da ke liƙa +234 a kan komai za ta lalata ta.

A kan lambar mai kira zan ja kunne. SBC zai bar ka ka rubuta duk lambar da ka ga dama a matsayin mai kira. Iyawa dabam, halacci dabam. Shigo da kiran ƙasar waje a lulluɓe shi da lambar gida laifi ne da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ke hukunta shi. Wani zai zo maka da wannan ciniki da kuɗi mai kauri. Lambar da aka ba kamfani ita kaɗai za ka fitar.

Batun kodek, wato tsarin mayar da murya bayanan kwamfuta, ba zan daɗe ba. G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, in an haɗa da kawunan fakiti ya kai kusan 87. Kira 20 a lokaci guda, kusan megabit 1.7 ke nan kowane ɓangare, fita da shiga. G.729 kilobit 8 ne, kusan 31 da kawunansa, amma murya tana ɗan dusashewa. G.711 iri biyu ne: na Amurka da Japan, da A-law da mu da Turai muke amfani da shi, na'urori da yawa da na Amurka suke zuwa a sama, ku sauya. In kuka ga amsa mai lamba 488, ɓangarorin ba su daidaita kan kodek ba ne. Sauya kodek a tsakiyar hanya SBC yana iyawa, amma yana cin ƙarfin na'ura, a wasu kuma sai ka sayi lasisi. In kwastoma ya danna 1 don Hausa, na'ura ba ta ji ba, ka duba ko ɓangarorin biyu sun yarda da RFC 2833, ƙa'idar aika lambar da aka danna. Ka yi wa fakitin murya alamar EF, wato 46, don ya riga saukar da bidiyo wucewa. Amma wannan a cikin netwok ɗinka kaɗai yake aiki, intanet ba ruwanta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, in ya wuce mutane za su fara cin karo da maganar juna.

Yanzu tsaro, kuma a nan nake so masu danna waya su ɗago. Ka buɗe 5060 ga duniya, ba za a daɗe ba za ka ga baƙi a cikin rajistar na'urarka. Akwai manhajar da ake kira SIPVicious, an yi ta don gwajin tsaro, ɓarayi suka mayar da ita kayan aiki. Za ku ga tana kiran kanta friendly-scanner. Suna gwada layi 100, 101, 102, da kalmar sirri 1234 ko lambar layin kanta. In suka samu shiga, ba sauraron hirarku suke so ba. Suna da lambobi masu tsada a ƙasashen waje da ake raba kuɗin kira da su, sai su sa layinka ya yi ta kiran waɗannan lambobin, kira da yawa a lokaci guda. Juma'a da dare suke so, ko hutun Sallah, lokacin da ofis ba kowa. An taɓa kirana zuwa wani kamfani ranar Litinin, kuɗin da suka zuba na wata da watanni ya ƙare ƙarƙaf, mai kamfani yana ta faɗa wai yaransa ne ke kiran 'yan'uwa. Da muka buɗe rajista, kiran duk tsakar dare ne, zuwa ƙasashen da ko sunansu bai sani ba. Wanda ya kafa musu na'urar ya bar layin gwaji, kalmar sirrinsa ita ce sunan kamfanin.

To, ka fara da rufe komai. Sannan ka buɗe wa adireshin kamfanin sadarwa kaɗai, duk wanda ba shi ba a watsar da saƙonsa shiru, ko amsar ƙi kada a ba shi, domin amsa tana gaya masa akwai na'ura a nan. Kiran ƙasar waje a rufe, sai ƙasashen da ake hulɗa da su, sai kuma layukan da suke bukata. Ka sa iyakar kira a lokaci guda: ofis mai mutum goma ba shi da dalilin fitar da kira hamsin. Shafin sarrafa SBC kada ya leƙa waje ko kaɗan. Ma'aikatan da ke aiki daga gida su shigo ta TLS da SRTP, wato RTP da aka kulle, ko ta VPN. Wanda ya gwada kalmar sirri ya faɗi sau kaɗan, a toshe adireshinsa.

Masu son haɗa Microsoft Teams da layin waya, su ba su ba ku zaɓi ba ma: sai SBC da ke cikin jerin waɗanda suka amince da su, sai TLS, sai suna na intanet da satifiket daga hukumar da aka yarda da ita. Satifiket yana da ranar mutuwa. Ku rubuta ta inda za ku gani, ku kuma haɗa agogon na'ura da NTP mai daidaita lokaci ta intanet, domin agogon da ya koma baya bayan ɗauke wuta yana iya sa a ƙi satifiket mai rai.

Tun da na ambaci wuta: 'yan daƙiƙun da ake yi kafin janareta ya ɗauka sun isa su kashe duk kiran da ke kan layi, SBC kuma ya ɗauki mintuna kafin ya farfaɗo. Shi da rawuta da suwic ɗin da ke ba wayoyi wuta, duk a kan UPS ko inbata. Ku kunna OPTIONS, wato ɗan saƙon da SBC ke aikawa lokaci-lokaci don ya ji ko ɗaya ɓangaren na nan, domin in layi ya faɗi ya juya kira zuwa na biyu.

Ga hannu can. Na'am?

Wani daga cikin mahalarta: Malam, ƙaramin ofis mai waya goma, dole sai ya sayi irin su AudioCodes?

A'a, ɗan'uwa. AudioCodes, Ribbon, Cisco da CUBE ɗinsu, Oracle da ta sayi Acme Packet a 2013, duk kaya ne masu kyau, amma da dala ake sayensu, lasisin ma yawanci bisa yawan kira ne. Manhajojin Kamailio ko OpenSIPS tare da rtpengine za su yi maka aikin kyauta, FreeSWITCH ma haka. Sai dai abin da ba ka biya da kuɗi ba za ka biya da karatu, kuma ka tambayi kanka wa zai riƙe na'urar in ka yi tafiya. Banki ko asibiti, ko mai Teams, a sayi na kamfani mai goyon baya. Ofis mai waya goma da keɓaɓɓen layi, PBX da katanga da aka saita da kyau na iya isarsa. Ko wanne ka zaɓa, kafin ka karɓi kuɗinka ka kira MTN, ka kira Airtel, ka kira Glo, a kira ka daga kowanne, ka bar kira ɗaya ya wuce minti 30, ka gwada riƙe kira da miƙa shi ga wani layi, domin a nan murya ta fi ɓacewa.

Bayan la'asar za mu kasu gida huɗu. Na lalata saitin kowace na'ura da gangan, kowane rukuni zai buɗe sngrep, manhajar duba saƙonnin SIP, ya nemo mini inda matsalar take. Wanda bai saka Wireshark a kwamfutarsa ba ya saka kafin mu dawo.